Sharhi a kan Awon Manyan Na'urori da Ma'ajin Bayanai Domin Kwamfutocin Nesa

Daga cikin mas'alolin da suka fi wahalar da masu kula da na'urorin bankuna da asibitoci da jami'o'i a wannan zamani, akwai wadda ke tasowa yayin da hukumar wuri ta yanke shawarar kwashe kwamfutocin mutanenta daga ƙarƙashin teburansu, ta tattara su a ɗaki guda cikin waɗansu 'yan manyan na'urori da ake kira saba, ta yadda abin da zai saura a gaban ma'aikaci bai wuce allo da madannai da wani ɗan akwati ba, alhali kuwa Windows ɗinsa da manhajojinsa da takardunsa duk suna can nesa, hotonsu kaɗai ke iso masa ta waya. Fa'idar wannan tsari a fili take, domin bayanai ba sa barin ɗakin da aka killace su, gyara kuma sau ɗaya ake yinsa ya wadatar da mutum dubu. Sai dai nauyin da a da yake warwatse a kan na'urori dubu, kowace tana ɗauke da na mai ita, yanzu ya taru wuri ɗaya, wanda aka ɗora wa alhakin saye kuwa tilas ya amsa tambaya tun kafin a kashe kwabo: na'ura nawa, mai ƙarfin nawa, da ma'aji wane iri? Abin da wannan sharhi ya tsaya a kai shi ne, amsar tana fitowa ne daga sa'ar da aiki ya fi tsanani a yini, kuma duk adadin da ba a jarraba shi a kan aikin mutanen wurin ba zato ne, ko da a takardar babban kamfani aka buga shi.

Asalin al'amarin ya kwana biyu. Tun a 1995 kamfanin Citrix ya fito da WinFrame, Microsoft kuma ta biyo baya a 1998 da Terminal Server, inda jama'a ke tarayya a Windows guda a kan na'ura guda. Abin da ya sauya tsakanin 2006 da 2008 shi ne, fasahar raba na'ura ɗaya ta zama kwamfutoci masu yawa, wadda VMware ta shahara da ita, ta kai ga a iya ba kowane mutum Windows nasa shi kaɗai, har XenDesktop na Citrix da View na VMware suka shiga kasuwa gadan-gadan a 2008. A waɗannan shekaru na farko an sha ganin aikin da ya yi armashi lokacin da mutum hamsin ke gwada shi, sa'an nan ya durƙushe da aka ɗora masa ɗari biyar, galibi kuma idan aka bi diddigi sai a tarar ma'ajin bayanai ne ya gaza. Daga wannan ɗanɗana kuɗa ne ƙa'idojin awon da za a ambata suka samo tushe.

Rukuni na farko shi ne sanin mutanen da za a yi wa hidima, domin ba a yanka riga kafin a ga mai sawa. Ma'abota fannin sukan kasa ma'aikata kashi-kashi: akwai mai aiki ɗaya tilo, kamar mai karɓar kuɗi a kanta ko mai amsa waya, akwai ɗan ofis mai wasiƙu da jadawalin lissafi da shafukan intanet barkatai a buɗe, akwai kuma mai zanen gini ko mai nazarin ƙididdiga, wanda shi kaɗai yakan cinye rabon mutum da dama. Hanya mafi inganci ita ce a sa ma'auni a kan kwamfutocinsu na yanzu na tsawon makonni, lalle kuma ƙarshen wata ya shiga ciki, lokacin da sashen albashi da na lissafi ke kwana a ofis. A nan ne kuma ake bambance yawan masu suna a rajista da yawan waɗanda ke aiki a lokaci guda, domin asibitin da ke da ma'aikaci 1,500 masu karɓa-karɓa sau uku ba ya buƙatar kwamfuta 1,500 a kunne, amma yana buƙatar ya jure sa'ar miƙa aiki, lokacin da masu tashi ba su fita ba masu zuwa kuma sun shigo.

Rukuni na biyu shi ne ƙarfin sarrafawa. Da yake ma'aikaci ba ya danna madannai kowane sakan, ana iya alkawarta wa kwamfutocin nesa ƙwayoyin furosesa fiye da waɗanda na'urar ta mallaka a haƙiƙa, bisa dogaro da cewa ba za su nema gaba ɗaya ba. A ƙaddara saba mai furosesa biyu, kowace da ƙwaya 32, jimla 64. Idan aka yarda kowace ƙwaya ta ɗauki alkawari biyar, an sami 320, idan kuma kowace kwamfuta an ba ta biyu, na'urar za ta ɗauki mutum 160. Wannan ƙiyasi ne kawai, abin da ke gaskata shi ko ƙaryata shi kuwa shi ne lokacin da kwamfuta ke ɓatawa tana shirye da aiki amma tana jiran a ba ta ƙwaya, wanda a na'urorin VMware ake dubawa da esxtop. Idan wannan jira ya haura wajen kashi 5 cikin 100 ga kowace ƙwayar alkawari, mai aiki zai soma jin nauyi a hannunsa, ko da jadawali yana nuna furosesa ba ta cika ba. Ya kamata kuma a tuna cewa taron bidiyo da shafukan intanet na yau sun fi na shekara goma da suka wuce cin ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa tun 2013, da NVIDIA ta kawo hanyar raba katin hoto guda tsakanin kwamfutoci da yawa, wasu wurare ke sauke wannan nauyi daga kan furosesa.

Rukuni na uku shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, kuma a nan ba a cika samun rangwame ba. Mafi ƙarancin abin da Microsoft ta shar'anta wa Windows 11 shi ne gigabayit 4, amma ɗan ofis na sosai yakan buƙaci 8. Mutum 160 ɗin nan ke nan suna neman gigabayit 1,280, don haka na'urar da ke da 1,024, bayan an cire rabon manhajar da ke raba ta, ba za ta wuce wajen mutum 120 ba. Ka ga ke nan furosesa ta ce 160, ƙwaƙwalwa ta ce 120, hukunci kuwa na mafi ƙanƙanta ne. A da akwai dabarar da ke haɗe shafukan ƙwaƙwalwa masu kama da juna tsakanin kwamfutoci domin a sami sarari, amma tun daga ƙarshen 2014 VMware ta daina barin ta a kunne tsakanin kwamfuta da kwamfuta saboda dalilan tsaro. Wanda ya yi ganganci ya alkawarta ƙwaƙwalwar da babu ita, ranar da aka neme ta na'ura za ta koma jibge abin da ya yi saura a kan faifai, ta ƙara wa ma'aji kaya a daidai lokacin da shi ma yake nishi. Bisa lissafin mutum 120 a kowace saba, mutum 1,000 na buƙatar saba tara, sai a ƙara ta goma domin ranar da ɗaya ta mutu ko aka tsayar da ita don gyara. Wanda ya cika tara ɗin maƙil bai bar ta goma ba, to, mutuwar na'ura guda za ta zaunar da mutum fiye da ɗari.

Sai rukuni na huɗu, ma'ajin bayanai, wanda shi ne zuciyar mas'alar, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada. Mai saye yakan fara tambayar terabayit nawa ma'aji zai ci, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce buƙata nawa ta karatu da rubutu zai iya amsawa a sakan guda, adadin da ake taƙaitawa da IOPS, da kuma tsawon jinkirin kowace amsa, wanda ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Misalinsa kamar rumbu ne: girman cikinsa daban, faɗin bakinsa daban, idan kuwa gari duka ya zo ɗiban hatsi da hantsi ɗaya, bakin ne zai yanke hukunci. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yakan amsa buƙata wajen 80 a sakan idan buƙatun a warwatse suke, mai juyawa sau 15,000 kuma wajen 180. Kwamfuta guda a kan tebur tana da faifanta ita kaɗai, wannan adadi kuwa ya ishe ta har da ragi. Amma idan aka haɗa dubu a kan ma'aji guda, ko da kowace tana karatu a jere, buƙatunsu sukan cakuɗe kafin su isa faifai, su zama warwatsattsu, wanda shi ne nau'in aikin da faifai mai juyawa ya fi rauni a kansa.

Akwai kuma illa ta biyu da ta ɓoyu ga mutanen farko, ita ce kwamfutar da ta riga ta tashi tana cikin aiki ta fi yawan rubutu a kan karatu, har ma'abota fannin suka saba lissafi da kashi 80 cikin 100 rubutu. Rubutu kuwa yana da haraji a tsarin kariyar faifai da ake kira RAID: a RAID 10 kowane rubutu guda yana zama aiki biyu, a RAID 5 huɗu, a RAID 6 shida. A ƙaddara kwamfuta 1,000, kowace tana neman buƙata 10 a sakan, jimla 10,000, daga ciki 2,000 karatu, 8,000 rubutu. A kan RAID 5 rubutun nan ya zama 32,000, da karatu 34,000, wanda idan aka raba da 180 ya kama faifai kusan 190; a kan RAID 10 kuwa jimlar 18,000 ce, faifai 100. Wanda ya yi lissafi da girma kaɗai, wataƙila faifai ashirin ya ga sun ishe shi, sa'an nan ya rasa dalilin da ya sa ɗaki cike da sababbin na'urori ke tafiyar hawainiya.

Wannan lissafi duka na lokacin kwanciyar hankali ne, yini kuwa yana da guguwoyinsa. Akwai guguwar kunnawa, lokacin da kwamfutoci ɗaruruwa ke tashi tare, kowace tana karanta fayilolin Windows da ninkin abin da take nema a sauran lokaci. Akwai guguwar shiga, da ƙarfe takwas na safe, lokacin da kowa ke ɗauko saitinsa da wasiƙunsa cikin rabin sa'a guda. Akwai ta manhajar kashe ƙwayoyin cuta, idan aka bar ta ta fara bincike a dukan kwamfutoci a minti ɗaya. Akwai kuma ta sabuntawa, wadda ke biyo bayan Talata ta biyu a kowane wata, ranar da Microsoft ke sakin gyare-gyarenta. Yawancinsu ana iya rarraba su da jadawali, a tayar da kwamfutoci rukuni-rukuni tun da asuba, a kuma warwatsa lokutan bincike. Amma a ƙasashenmu, inda wutar lantarki kan ɗauke ba sallama, idan batir ya ƙare kafin janareta ya kama, guguwar kunnawa za ta zo da tsakar rana babu jadawali, mutane kuma suna zaune suna jira. Don haka wajibi ne mai awo a Kano ko Damagaram ya san minti nawa tsarinsa ke ɗauka ya tashi daga mutuwa ɗungurungum.

Dalilin da ya sa matsakaici ke yaudara a nan yana da hujja ta lissafi, wadda ta samo asali daga aikin Erlang, masanin ƙasar Denmak da ya yi nazarin layin wayar tarho na birnin Kofanhagan, ya buga bincikensa na farko a 1909. A mafi sauƙin siffar ilmin jiran layi, idan mai hidima guda yana cike da aiki rabin lokacinsa, abin da mai buƙata zai ɓata ya ninka lokacin hidimar sau biyu. Idan cikar ta kai kashi 90 cikin 100 ya ninka sau goma. Idan ta kai 95, sau ashirin. Ma'ana, jinkiri yakan daɗe a kwance kamar babu komai, sa'an nan ya yi tsalle lokaci guda. Shi ya sa ma'ajin da jadawalin yini ya nuna yana aiki da kashi 40 na ƙarfinsa zai iya zama azaba daga takwas zuwa takwas da rabi, kuma wannan rabin sa'a shi ne abin da ma'aikata za su riƙe a zukatansu su yanke wa tsarin hukunci da shi.

An yi ta neman magani ta fuskoki biyu. Ta fuskar manhaja, aka daina ba kowa cikakken kwafin Windows, aka koma ga asali guda da kowa ke karantawa, kowace kwamfuta tana rubuta bambancinta kaɗai a gefe. Haka View Composer ya yi tun 2008, haka Citrix ke yi da Provisioning, wanda ke aika asalin ta waya, sa'an nan Horizon 7 na VMware ya zo a 2016 da hanyar tsago sabuwar kwamfuta daga wata da ta riga ta tashi. Wannan ya rage girman da ake buƙata, ya kuma sauƙaƙa karatu, tun da asali guda yana iya zama a ƙwaƙwalwa mai sauri. Ta fuskar ƙarfe kuwa, faifan SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, yana amsa dubban buƙatu a sakan da jinkirin da bai kai milisakan ɗaya ba, sa'an nan tsarin haɗa ma'aji a cikin su manyan na'urorin kansu, irin na Nutanix da vSAN na VMware da ya fito a 2014, ya sa duk sabar da aka ƙara ta zo da rabonta na ma'aji. Lalle wannan ya kashe kaifin lissafin faifai 190, amma bai ɗauke wajibcin awo ba, ya dai matsar da wurin ƙunci. Yanzu akan same shi a wurin ajiyar saitin mutane, musamman tun da aka rungumi FSLogix, wanda Microsoft ta saya a 2018, inda kayan kowane mutum ke cikin faifai na musamman da ake ɗaura masa a lokacin shiga, ta yadda guguwar safe ta koma kan ma'ajin waɗannan faifai, wanda sau da yawa shi ake mantawa a kasafi.

Idan an gama ƙiyasi sai jarrabawa, domin gani ya kori ji. Takardun da kamfanoni ke bugawa, masu cewa na'ura kaza ta ɗauki mutum kaza, matsayinsu matsayin riwaya ne: ana duba wanda ya rawaito, da sharuɗɗan da aka yi gwajin a kansu, da maslahar da yake da ita a cikin sakamakon, a amfana da ita wajen fara lissafi ba tare da an yi mata taƙlidi ba. Kayan gwaji iri biyu ne. Na farko, irin su Iometer da fio, suna jefa wa ma'aji buƙatu kai tsaye a ga iyakarsa. Na biyu, wanda Login VSI na ƙasar Holan ya fi shahara a cikinsu, suna ƙirƙiro ma'aikata na ƙarya waɗanda ke shiga ɗaya bayan ɗaya, su buɗe wasiƙa, su rubuta takarda, su duba intanet, ana auna tsawon amsar kowane aiki, har a kai adadin da amsa ta lalace, wanda suke kira VSImax. Wannan adadi bakin rami ne, mai hankali kuwa yakan tsaya nesa da shi da tazara mai kyau.

Ingancin jarrabawa yana da sharuɗɗa, rashin ɗaya daga cikinsu yana ɓata sakamakon. Na ɗaya, a yi ta da ainihin kwafin Windows da za a ba mutane, tare da manhajar kashe ƙwayoyin cuta da duk 'yan leƙen asirin tsaro da hukuma ta wajabta, domin su ne ke cin kaso mai tsoka, kuma su ne ba a cika sawa a gwajin talla ba. Na biyu, bayanan gwaji su fi ƙarfin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta ma'aji, su kuma kasance irin na gaske, domin ma'ajin da ke matse bayanai yana share maimaici zai nuna gudun da babu shi idan sifiri zalla aka aika masa. Na uku, a cika SSD a rubuta a kansa na tsawon sa'o'i kafin a fara auna, domin sabo fil yana da saurin da zai ragu idan ya fara share tsofaffin gurabe yana rubutu a lokaci ɗaya. Na huɗu, a shigar da ma'aikatan ƙaryar da irin gaggawar da na gaske ke shiga. Na biyar, a duba mafi munin kashi 5 ko kashi 1 cikin 100 na amsoshi, domin a can masu kuka suke. Na shida, wanda aka fi gudu, a kashe saba guda da gangan ana tsakiyar aiki, a zare faifai a ga halin da ma'aji zai shiga yayin da yake sake gina abin da ya ɓace. Bayan wannan duka a ɗauki mutane na gaske daga kowane sashe su yi makonni a kai, domin babu ma'aikacin ƙarya da ke barin shafi arba'in a buɗe ya tafi sallar azahar.

Wanda ya ce zai huta da wannan duka ta hanyar hayar kwamfutoci a wurin manyan kamfanoni, kamar WorkSpaces da Amazon ta sanar a 2013 ko hidimar Microsoft da ta fara a 2019 wadda yanzu ake kira Azure Virtual Desktop, ya sani kuskuren awo zai riƙa zuwa masa a takardar kuɗi kowane wata, sa'an nan nisa ya shigo cikin lissafi. Haske a cikin wayar gilashi yana cin wajen kilomita 200 a milisakan guda, don haka cibiyar da ke nisan kilomita 5,000 ta ɗora milisakan 50 a kan kowace dannawa, zuwa da dawowa, tun kafin a lissafa kwane-kwanen hanya. Abin da ya faru kuma a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ya isa ya sa a tanadi hanya ta biyu.

Abu na ƙarshe shi ne, sakamakon awo yana tsufa. A watan Janairu na 2018 aka bayyana raunin furosesa da aka sa wa suna Meltdown da Spectre, gyaran da aka yi musu kuma ya rage yawan mutanen da saba guda ke ɗauka ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. A 2020 annobar korona ta mayar da ma'aikata gida, ta ninka masu shiga a lokaci guda cikin 'yan kwanaki. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma Microsoft ta daina tallafin gama-gari ga Windows 10, abin da ya tilasta ƙaura zuwa Windows 11, wanda ya fi shi nauyi. Saboda haka amanar mai wannan aiki ita ce ya rubuta duk zaton da ya gina lissafinsa a kai, mutum nawa, buƙata nawa, kashi nawa rubutu, tazara nawa aka bari, ya ajiye sakamakon jarrabawar farko a matsayin mizani, ya kuma maimaita ta duk lokacin da aka sauya kwafin Windows ko aka ƙara wata babbar manhaja. Da haka ne zai iya tsayawa gaban masu riƙe da kuɗi da hujja a hannu, ya kare kansa daga israfin sayen abin da ba a buƙata, ya kuma kare ma'aikata daga rowar da za ta sa su zauna kowace safiya suna kallon allo.